Tsakanin Baki da Jini: Yadda Bakteriyar Hanji Ke Sauya Aikin Magani

A Birnin Kebbi, Argungu, Jega ko Yauri, ba baƙon abu ba ne a ji majiyyaci yana cewa "maganin nan bai karɓe ni ba", alhali maƙwabcinsa mai irin ciwon ya sha irin maganin, na kamfani ɗaya, ya kuma samu sauƙi. Jabun magani aka fi ɗora wa laifi, kuma zargin yana da tushe, domin jabu na yawo a kasuwanninmu. Likitoci kuma sun daɗe da sanin wasu dalilan: shekarun mutum, nauyinsa, lafiyar hantarsa da ƙodarsa, abin da ya gada a jininsa, da ko yana shan maganin a kan ƙa'ida.

A 'yan shekarun nan masana sun ƙara wani dalili a kan waɗannan, wato ƙananan halittun da ke zaune a cikin hanjin ɗan Adam. Labarin ya fito daga mujallun kimiyya ya shiga Facebook da WhatsApp, inda ya cakuɗe da tallar kayan "gyaran hanji", har wasu suka ɗauka duk maganin da ya ƙi aiki hanji ne ya hana shi, wasu kuma suka fara gudun maganin da likita ya rubuta musu. Duka fahimtar biyu sun zarce abin da bincike ya nuna.

Mazauna hanji

Bakteriya halittu ne masu rai da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. An fi saninsu da sunan ƙwayoyin cuta, domin wasunsu ne ke jawo taifot, kwalara da tarin tibi, amma mafi yawan waɗanda ke jikin mutum ba sa cutar da shi. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa baligi mai matsakaicin jiki yana ɗauke da bakteriya kusan tiriliyan 38, nauyinsu gaba ɗaya kamar giram 200, kuma kusan dukkansu a babban hanji suke. Suna narkar da harzar abinci da cikin mutum ba ya iya narkarwa, suna samar da wasu sinadarai masu amfani irin su bitamin K, suna kuma tare gurbin da miyagun bakteriya za su iya mamayewa.

Jariri yana fara samunsu daga mahaifiyarsa lokacin haihuwa da shayarwa, daga nan abinci, ruwan sha, zama da dabbobi da magungunan da aka sha su ci gaba da tsara su. Shi ya sa ko 'yan uwa na ciki ɗaya ba su da tarin bakteriya iri ɗaya sak. Abin da ya haɗa bakteriyar da batun magani shi ne sinadaran da suke aiki da su wajen farfasa abinci, waɗanda ake kira enzayim. Enzayim ɗin bakteriya ba ya bambance abinci da magani. Duk abin da ya dace da shi zai yanka, ya rage masa wani sashe, ko ya sauya masa siffa.

Maganin da aka haɗiya yana narkewa a ciki, ya wuce ƙaramin hanji inda jini ke tsotse mafi yawansa, sannan ya bi ta hanta kafin ya zaga jiki. Wanda ba a tsotse da wuri ba yana isa babban hanji, inda bakteriya suka fi cunkoso. Akwai kuma wata hanya ta baya: hanta tana zubar da ragowar wasu magunguna cikin ruwan matsarmama zuwa hanji, don haka ko maganin da aka yi wa mutum ta allura ko ƙarin ruwa yana iya haɗuwa da bakteriya.

Maganin da sai bakteriya sun buɗe shi

Batun ya girmi yawancin masu yaɗa shi a yau. A 1935 likitan Jamus Gerhard Domagk ya bayyana Prontosil, wani jan rini da ke warkar da cututtukan bakteriya a jikin ɓeraye da mutane, amma idan aka zuba shi a kan bakteriyar a kwalbar gwaji ba ya yi musu komai. A shekarar masana na Cibiyar Pasteur da ke Faransa suka gano cewa sai an raba shi biyu a cikin jiki sannan sashe mai aikin ke fitowa, daga baya kuma aka tabbatar da cewa bakteriyar hanji suna da babban hannu a wannan rabawa.

Haka salfasalazin yake, maganin da ake bai wa masu kumburin babban hanji da wasu masu ciwon gaɓoɓi. Yana wuce ciki da ƙaramin hanji kusan a ƙulle, sai ya isa babban hanji bakteriya su yanke shi, sashen da ke kwantar da kumburi ya fito daidai inda ake buƙatarsa. Gwajin da aka yi a 1972 a kan ɓerayen da aka raina ba tare da bakteriya ko ɗaya a cikinsu ba ya nuna cewa a jikinsu maganin yana fita yadda ya shiga.

Misali mafi kusa da mu shi ne filasko. Duk wanda ya taɓa shan jiƙonsa ko garin ganyensa don wankin ciki ya san ba nan take yake aiki ba. A sha da dare, sai wajen asuba ko hantsi ciki ya fara juyawa. Dalilin jinkirin shi ne sinadarin da ke cikin ganyen ba ya aiki a yadda yake. Sai ya yi tafiyar sa'o'i ya kai babban hanji, bakteriya su cire masa sukarin da ke maƙale da shi, su mayar da shi wani sinadari da ke motsa hanji. Ƙwayoyin sena da asibiti ke bayarwa don taurin bayan gida daga dangin wannan tsiro aka samo su, kuma su ma sukan ɗauki awa 6 zuwa 12.

Digoksin, da abin da ya sa ya shafe mu

Labarin da aka fi bincika shi ne na digoksin, tsohon maganin raunin zuciya da bugunta ba bisa tsari ba. Ya cancanci a tsaya a kansa, domin arewa maso yammacin Najeriya na cikin yankunan da raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya, kuma digoksin na cikin magungunan da likitoci kan rubuta wa wasu daga cikin irin waɗannan mata, har da dattawa masu kumburin ƙafa da haki.

Matsalar digoksin ita ce tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke zama guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A 1981 John Lindenbaum da abokan aikinsa a birnin New York suka bayar da rahoton cewa kusan mutum 1 cikin 10 na masu shan digoksin, bakteriyar hanjinsu na mayar da wani kaso mai yawa na maganin zuwa siffar da ba ta aiki a zuciya. Da aka bai wa irin waɗannan mutane antibayotik, wato maganin kashe bakteriya, irin su eritromaisin ko tetrasaikilin na 'yan kwanaki, sai yawan digoksin a jininsu ya tashi, a wasu har ya kusa ninkawa. Bayan shekara biyu aka gano bakteriyar da ke wannan aiki, wadda yanzu ake kira Eggerthella lenta.

Sai dai an ci gaba da ruɗewa, domin akwai mutane da yawa masu wannan bakteriya a hanjinsu amma maganinsu bai lalace ba. A 2013 masana na Jami'ar Harvard suka warware ƙullin: wasu jinsunanta ne kaɗai ke ɗauke da ƙwayoyin gadon da ke samar da enzayim ɗin, kuma a jikin ɓeraye abinci mai yawan furotin yana rage musu kuzari.

A aikace abin yana iya kasancewa kamar haka. Mai jego ce da likita ya daidaita mata digoksin har numfashinta ya dawo daidai, ba tare da kowa ya san cewa hanjinta yana cinye wani kaso na kowace ƙwaya ba. Wata rana tari ko zawo ya kama ta, aka aiki yaro kemis ya sayo kafso, ta sha na kwana biyar. Bakteriyar da ke rage maganin sun ragu, ita kuma tana nan tana shan adadin da ta saba. Sai tashin zuciya, amai, rashin cin abinci, ganin abubuwa sun koma rawaya-rawaya, zuciya na tsallake bugu. A gida za a iya cewa ciwon shawara ne ko zazzaɓi, a ƙaro wani maganin, alhali digoksin ne ya yi yawa a jini.

Kwatankwacin wannan yana faruwa da lebodofa, babban maganin cutar Parkinson mai sa karkarwar hannu da ƙagewar jiki. Ana so ya isa ƙwaƙwalwa kafin ya rikiɗe zuwa sinadarin dofamin, amma binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna bakteriyar Enterococcus faecalis tana rikiɗar da shi tun a hanji. Kabidofa, da ake haɗawa da shi don hana jikin mutum yin wannan rikiɗa da wuri, ba ya hana enzayim ɗin bakteriyar.

Lokacin da magani ya koma guba

Hanta tana da dabarar kawar da magani bayan ya gama aiki: takan maƙala masa wani nau'in sukari da ke kashe kaifinsa, ta tura shi hanji don a fitar. Kamar a ɗaure bakin buhun shara ne a ajiye a bakin ƙofa, sai wani ya zo ya kwance igiyar don ita yake so. Bakteriya da yawa suna cire wannan sukari su ci, maganin kuma ya dawo da kaifinsa a cikin hanji. Abin da ke faruwa ke nan da irinotekan, maganin kansar hanji, wanda ke jawo wa wasu majiyyata zawo mai tsanani har a rage musu adadi ko a dakatar. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna irin wannan hanya tana da hannu a gyambon ƙaramin hanji da daikulofenak da danginsa na maganin ciwon jiki ke haddasawa, magungunan da manoma, masunta da 'yan dako ke sha ba ƙaƙƙautawa.

Mafi munin misali a Japan ya faru a 1993. An fitar da soribudin, sabon maganin wata cutar fata mai ƙuraje masu raɗaɗi. Bakteriyar hanji suna mayar da shi wani sinadari da ke toshe enzayim ɗin hanta mai kawar da 5-FU, wani maganin cutar kansa. Masu kansar da suka sha magungunan biyu tare sai maganin kansar ya taru a jikinsu, mutum 18 suka rasu, aka janye soribudin daga kasuwa.

Girman lamarin

A 2019 masana na Jami'ar Yale a Amurka suka haɗa magunguna 271 da ake sha ta baki da nau'in bakteriyar hanji 76 a ɗakin gwaji, suka tarar 176 daga cikinsu, wato kusan kashi biyu cikin uku, akwai aƙalla bakteriya ɗaya da ke sauya su. Tasirin kuma ta ɓangare biyu yake. A 2018 wata cibiyar bincike ta Turai da ke Heidelberg a Jamus ta gwada magunguna fiye da 1,000 a kan nau'in bakteriya 40, ta ga kashi 24 cikin 100 na magungunan da ba don kashe bakteriya aka yi su ba suna hana aƙalla nau'i ɗaya yaɗuwa. Omefrazol da ake sha don olsa yana rage ruwan tsamin ciki, abin da ke bai wa bakteriyar baki damar gangarowa hanji. Metfomin na masu ciwon suga kuwa yana sauya tsarin bakteriyar hanji sosai, har wani bincike na 2017 ya nuna cewa ɓerayen da aka saka wa bakteriyar masu shan maganin sun fi iya sarrafa suga, alamar cewa wani ɓangare na amfaninsa ta hanji yake bi.

Inda masana suka saɓa

Masu ganin batun babba ne suna cewa nan gaba za a riƙa duba bayan gidan majiyyaci kafin a yanke masa adadin wasu magunguna, kamar yadda ake duba ƙoda a yau. Suna kafa hujja da digoksin, lebodofa, da binciken Faransa na 2018 da ya nuna masu kansar da suka sha antibayotik dab da fara sabbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ba su samu amfaninsu kamar sauran ba.

Masu taka-tsantsan suna amsawa cewa mafi yawan shaidar daga kwalbar gwaji da ɓeraye ta fito, kuma magani da yawa jini ya riga ya tsotse su a ƙaramin hanji kafin su kai inda bakteriya suka yi yawa. Suna kuma nuna cewa ana ɗora wa bakteriya laifin da ba nasu kaɗai ba. Wasu antibayotik suna ɗaga digoksin ta hanyar toshe wata ƙofa da jikin mutum ke fitar da shi, ko da babu Eggerthella lenta. Flagyl da Septrin suna ƙara ƙarfin wafarin, maganin tsinka jini, har mutum ya riƙa zubar jini. Raguwar bakteriya masu samar da bitamin K na iya taimakawa, amma babban dalilin a hanta yake. Game da masu kansa kuma, mai yiwuwa waɗanda aka bai wa antibayotik dama su ne ciwonsu ya fi tsanani.

Darasin ƙwayoyin tazarar haihuwa yana goyon bayan masu taka-tsantsan. An shafe shekaru ana gargaɗin cewa kowane antibayotik yana rage ƙarfinsu ta hanyar kashe bakteriyar hanji. Da aka auna jinin mata, sai aka ga rifamfisin na tarin tibi da danginsa ne ke rage su a zahiri, shi ma ta hanyar hanta. Hukumomin lafiya sun gyara shawararsu, sai dai amai ko zawo mai tsanani na iya hana jiki tsotse ƙwayar.

Idan aka auna hujjojin biyu, abin da ya tabbata shi ne tasirin gaskiya ne, amma yana da nauyi sosai a magunguna ƙalilan, musamman waɗanda ƙaramin canji a adadinsu ke iya illa. A yau babu gwajin bakteriyar hanji da asibitoci ke amfani da shi yau da kullum wajen yanke adadin magani, ko a Turai da Amurka.

Akwai wani giɓi da ya shafe mu kai tsaye. Binciken 2010 da ya kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso, masu cin gero, dawa, wake da ganye, da yaran birnin Florence a Italiya, ya samu bambanci mai girma a bakteriyar hanjinsu, kuma binciken 2018 tsakanin Bassawa mazauna karkara da mazauna birni a Najeriya ya samu nasa bambancin. Yawancin gwajin magunguna kuwa a kan mutanen Turai, Amurka da Asiya ake yi. Saboda haka alƙaluman da aka samu a can ba za a ɗauke su kai tsaye a ɗora wa mai cin tuwon dawa da miyar kuka a Zuru ko Kamba ba.

Abin da ya shafi mai saye a kemis

Abin da ya fi girgiza bakteriyar hanji cikin sauri shi ne antibayotik, kuma shi ne aka fi samu a sauƙaƙe. Uwa za ta tsaya gaban kanti da goyo ta ce, "Malam, yaron nan zawo yake yi tun jiya, ba ni Flagyl da kafso mai ja da rawaya na ɗari biyar." A yanka mata ƙwaya huɗu daga kati, a ƙulla a leda. Mafi yawan zawon yara ba ya buƙatar antibayotik. Ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sai in akwai jini a bayan gida ko ana zargin kwalara. Lasisin ƙananan masu kantin magani, wanda hukumar kula da harkar harhaɗa magunguna ta Najeriya (PCN) ke bayarwa, bai ba su damar sayar da irin waɗannan magunguna yadda aka ga dama ba, amma inda asibiti ya yi nisa ko hanya ba ta biyuwa saboda tsaro, kemis ne likitan gari, kuma dole a yi la'akari da wannan kafin a zargi kowa.

Hanji yana farfaɗowa, amma ba lallai ya koma yadda yake ba. A wani bincike na 2018 a Denmak an bai wa maza 12 masu lafiya antibayotik uku masu ƙarfi na kwana 4. Cikin wata ɗaya da rabi tsarin ya kusa dawowa, amma bayan wata shida nau'i 9 da aka saba gani ba su dawo ba a yawancinsu.

Wannan bai mayar da antibayotik abin gudu ba. A jihar Doso ta Nijar, mai iyaka da Kebbi, da wasu yankunan Malawi da Tanzaniya, an raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar azitromaisin sau biyu a shekara, kuma sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna mace-macen yara ya ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a Nijar. Bin diddigin da aka yi daga baya ya nuna bakteriya masu jure wa maganin sun ƙaru a hanjin yaran. Amfanin da farashin duka na gaske ne, shi ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita shawarar ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11 a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido.

Mai shan digoksin, wafarin, lebodofa ko maganin cutar kansa shi ne ya fi buƙatar kiyayewa. Kada ya fara antibayotik, ko jiƙon gargajiya mai wanke ciki, ba tare da likitan da ke duba shi ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya sani ba, kuma ranar ganin likita ya tafi da duk kwalaye da ƙullin ledar da yake sha. Kada kuma ya ƙara wa kansa adadi da hujjar cewa hanjinsa na cinye maganin, domin babu yadda zai san haka a gida.

Kayan da ake tallatawa a matsayin bakteriya masu amfani a cikin kafso suna iya rage zawon da antibayotik ke jawowa, amma babu hujjar cewa suna sa sauran magunguna su fi aiki, kuma wani bincike na 2018 a Isra'ila ya ga sun jinkirta dawowar bakteriyar mutum na asali. Dashen bakteriya daga bayan gidan mai lafiya, da ake yawan ambata, Amurka ta amince da shi a 2022 da 2023 ne don cuta guda, zawo mai yawan dawowa da bakteriyar Clostridioides difficile ke jawowa, kuma a 2019 wani majiyyaci ya rasu a can sakamakon dashen da ke ɗauke da bakteriya mai jure magani.

Nono da kindirmo abinci ne masu kyau, suna kuma ɗauke da bakteriya masu rai, sai dai akwai wata matsala da ba ta da alaƙa da bakteriya: sinadarin kalsiyam da ke cikin madara yana kama tetrasaikilin da sifrofulokzasin, maganin da ake yawan bayarwa don taifot, ya hana jini tsotse su. Wanda likita ya rubuta wa ɗaya daga cikinsu ya haɗiye shi da ruwa, ya bar tazarar aƙalla awa biyu kafin ya dama fura da nono, ko gwargwadon lokacin da aka faɗa masa a asibiti.